Kwalbar Bitamin

Masu rubuto min suna tambayar me na sha fuskata ta yi sumul, ku yi haƙuri, ba zan faɗi sunan maganin a nan ba. Ku karanta zuwa ƙarshe, za ku ga dalili.

Ga waɗanda yau suka fara bina: mu biyu Mama ta haifa, Yaya da ni, kuma Auta kowa yake kirana a gida. Ina aiki a shagon tabarau, ina goge gilashi, ina gwada wa mutane firam, ina ce musu ya yi musu kyau. Yaya ta shekara bakwai a gidan miji, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Wanda yake nemana ƙanin mijinta ne, ciki ɗaya. Gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne aikinsa, kuma har mahaifiyarsa Injiniya take ce masa. Ranar Asabar manyansa za su zo gidanmu a tsayar da magana.

Ranar Talata da rana ina ɗaure wa wani dattijo sukurun tabarau wayata ta yi ƙara a cikin durowa. Sai da ya fita na duba, saƙon Injiniya ne.

"Albishirinki, Mai Tabarau."

"Goro. Amma sai na ji labarin tukuna."

"Na kusa zama baffa."

Na karanta, na sake karantawa.

"Kada ka yi min wasa da wannan."

"Wallahi. Da safe suka dawo daga gwaji. Yayana har kuka ya yi, kada ki ce na gaya miki. Hajiyarmu ta riga ta fara rabon sunaye."

Na kira Yaya, layinta a cike. Na kira Mama, shi ma haka. Na roƙi mai shago ya bar ni in tafi da wuri, ya dube ni ta saman gilashinsa ya ce in tafi, dama tun da aka sa ranar Asabar ɗin nan gangar jikina kawai take zuwa aiki.

Na tarar da Mama a falo tana gugar sababbin labule, masu ruwan zuma, waɗanda ta saya saboda baƙin Asabar. An janye kujeru tsakiyar ɗaki, an naɗe kafet an jingine a bango. Ta ɗaura ɗankwali a karkace, waya a maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, tana amsa barka. Da ta ajiye muka rungume juna, abin da ba mu saba ba.

"Ni ce ma ban da lura," ta ce, ta koma kan guga. "Tun da na ga ƙurajen nan sun feso mata a haɓa ya kamata in gane. Haka na yi da cikinki, fuska kamar an watsa min tsakuwa. Ni kuwa na ɗauka irin naki ne, har na ɗibar mata bitamin ɗinki."

"Wane bitamin?"

"Na durowarki mana. Na kwalbar nan mai ruwan ƙasa."

A nan dole in koma baya kaɗan.

Kun san yadda fuskata take a da. Tun ina makaranta ƙuraje suka kama ni, manya masu zafi, masu barin tabo. Babu sabulun da ban gwada ba. Da maganar Injiniya ta yi ƙarfi, Mama ta tasa ni gaba. Kullum sai ta kama haɓata ta juya fuskata wajen taga ta ce, "Haka za ki zauna a gaban dangin miji?" Shi bai taɓa cewa komai ba. Amma na gaji, na je wajen likitar fata.

Mace ce mai ƙaramin jiki, ba ta da yawan murmushi. Ta duba ni, ta ce akwai magani, sai dai yana da sharaɗi.

"Daga bitamin A aka samo shi," ta ce, "amma kada sunan ya ruɗe ki. Matso ki ga yadda yake aiki."

Ta jawo takarda ta zana da'ira, ta zana ƙarama a cikinta.

"Wannan ƙwayar halitta ce guda ɗaya. Irinta ne suka taru suka zama ke. Wannan na tsakiya ɗakin ajiya ne, a nan kundin gadonki yake, duk umarnin da jiki yake bi a rubuce. Magunguna da yawa a bakin ƙofa suke tsayawa su aika saƙo ciki. Wannan maiƙo ne, ratsa bango yake ya shige har ɗakin. A ciki akwai masu gadi, bibbiyu suke zama a kan wasu shafuka na kundin, sun danne su. Kowanne yana da gurbi a jikinsa daidai da wannan sinadarin. Da ya faɗa gurbin, sai mai gadi ya gyara zama, ya saki shafin, a fara karantawa. Abin da aka karanta shi ƙwayar za ta yi. A fatarki, abin da zai biyo baya shi ne jakunkunan maiƙo su ƙanƙance, ƙuraje su rasa abin ci."

"To ai alheri ne," na ce.

"A fatarki, e. Ɗan tayi kuwa da irin wannan sinadarin ake tsara shi. Jiki da kansa yake yin sa daga bitamin A, a aune, nan da ɗan yawa, can kaɗan. Da wannan awon ƙwaya take gane a ina take, ta san me za ta zama. Idan aka kwarara masa wannan maganin a makonnin farko, awon ya rushe, a buɗe shafukan da lokacinsu bai yi ba. Kunne, fuska, zuciya, ƙwaƙwalwa, duk yana iya taɓawa. Wani cikin ma zubewa yake."

Ta ajiye biro. "Saboda haka duk wata za ki yi gwajin ciki kafin in rubuta miki wani."

"Likita, ni fa ban yi aure ba."

"Ban tambaye ki ba. Kowa haka nake mata. Ba za ki ba da jini ba. Ba za ki ba kowa ko ƙwaya ɗaya ba. In an sa bikinki, ki gaya min mu tsayar da shi da wuri."

Na ce to. Na karɓo maganin a kemis ɗin asibitin. A jikin kwalin akwai hoton mace mai ciki an ja mata jan layi. A bayan kowane falle ma haka.

Ku da kuka tashi a gida irin namu kun gane. Gidan da ko tallan audugar mata aka sa a talabijin Mama sauya tasha take yi. Mama kuwa tana shiga ɗakina, tana buɗe durowata, tana gyara min kaya kamar ina 'yar firamare. Ta yaya zan bayyana mata hoton mai ciki a cikin kayan budurwa? Ta yaya zan ce mata duk wata gwajin ciki nake yi? A bayan kantar shagonmu na zauna na ɓalle ƙwayoyin duka, na zuba a tsohuwar kwalbar bitamin, na jefa kwalin a kwandon shara. Duk wata haka nake yi. Da Mama ta tambaya, na ce bitamin A ne likita ta ba ni. A raina ina ganin ban yi ƙarya ba.

Mama kuwa mace ce da ba ta iya ganin abu ya yi wa mutum amfani ta bar ɗan'uwansa babu. Maganin tarin Baba, Allah ya jiƙansa, sai da ya zagaye layinmu. Na san haka tun ina yarinya. Ban kawo shi a raina ba.

Na miƙa hannu na zare wayar dutsen gugar daga bango.

"Mama, yaushe kika ba ta?"

"Ke lafiya? Ya kai wata. Ranar da ta zo muka je sayen labulen nan." Ta dube ni. "Rowa za ki yi wa 'yar'uwarki? Na ga kwalbar a cike take."

"Tana sha?"

"Ina zan sani? Na ce mata ɗaya kullum bayan abinci, yadda kike yi. Auta, me ya faru? Kin ga fuskarki kuwa?"

Na kira likitar, na sa wayar a sifika na ajiye a kan labulen. Na yi mata bayani a taƙaice.

"Kin cire shi daga kwalinsa," ta ce.

"E."

"Za mu yi wannan maganar daga baya. Ta daina sha yanzu. Ki kawo min ita yau, ina nan har magariba. Ta zo da ragowar, ta kuma tuno ranar da ta ga al'adarta ta ƙarshe."

"Likita, ya lalace ke nan?"

"Ban ce ba. Akwai waɗanda ake haifa lafiya lau, kuma su ne suka fi yawa. Akwai waɗanda ba haka ba, su ma ba kaɗan ba ne. Zan haɗa ta da likitan masu ciki. Wani abin hoton ciki zai nuna idan ya yi ƙwari, wani sai bayan haihuwa ake gani. Amma sai sun san me ta sha kafin su san me za su nema."

Ta kashe. Mama ta lalubi hannun kujera ta zauna. Ta daɗe tana kallon tafin hannunta.

"Innalillahi," ta ce a hankali. "Da hannuna."

"Ba ki sani ba, Mama. Ni ce ban gaya miki ba."

"Me ya hana ki?"

"Kunya."

Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi, da na fi samun sauƙi. Na ɗauki mayafina da jaka. Ina bakin ƙofa ta riƙo min hannu.

"Tsaya. Ki je ki karɓo kawai. Ki ce naki ne ya ƙare. Ta daina sha, shi ke nan, mu duƙufa da addu'a. In ya so bayan Asabar sai a san yadda za a gaya mata."

"Likita ta ce yau."

"Likita ba ta san surukarta ba. Shekara bakwai matar nan tana kallon cikin 'yata duk ranar da ta shiga gidan. Yau ta yini tana kiran dangi. In ta ji daga gidan nan aka ba ta abin da zai taɓa jikanta, kina ganin za ta sake ɗaukar wata daga gidan nan? Ita ma yayar taki kina ganin za ta zauna lafiya?" "Ba cewa na yi a ɓoye har abada ba. Ku biyu gare ni. Kada in rasa muku duka a rana ɗaya."

Na zare hannuna a hankali na fita.

Zan gaya muku gaskiya, a cikin tasi shawarar Mama na ɗauka. Na lissafa ta, na ga tana da ma'ana. Abin da aka sha an sha. Kwana kaɗan ba zai dawo da shi ba. Likita da bakinta ta ce waɗanda ake haifa lafiya sun fi yawa. Wayata ta yi ƙara, saƙon Injiniya ne.

"Ina gidan Yaya, ina sa mata sabuwar na'ura a ɗaki. Kyautar baffa. Ki zo ki ga aiki."

Na mayar da wayar jaka.

Gidan Yaya hawa na biyu ne, ƙofar a buɗe, takalman baƙi sun ragu saura biyu. Ina shiga na ji ƙarar injin huda bango. Injiniya yana kan tsani a baranda, da shuɗiyar rigar aiki, ƙurar siminti har a gira.

"Ga ƙaramar uwa ta iso," ya ce. "Ko sannu babu? Tun azahar nake rataye a nan."

"Sannu da aiki."

"Haka kawai? To ni na riga ki, ni zan fara ɗaukar jaririn. Ke sai ki jira layi."

Na yi abin da ya yi kama da dariya na wuce.

Yaya tana uwar ɗaka a bakin gado, cikin doguwar riga ruwan toka marar ɗinki, ta tufke gashi a baya, waya tana caji a gefenta saboda yawan kira. Ta buɗe hannu, na faɗa jikinta. Ƙamshin man gashinta ne na tun muna yara. Da na ɗago na dubi fuskarta. Ƙurajen sun kwanta. Leɓɓanta sun bushe, sun tsattsage, fatar tana ɓarewa a gefe. Na san wannan bushewar. Man leɓe uku ne a jakata saboda ita.

"Kada ki kalli bakina," ta ce tana dariya. "Ciki ne, komai bushewa yake. Auta, kin san har yanzu ban yarda ba? Sai in tashi in sake duba takardar."

Na zauna kusa da ita. Na faɗi abin da na shirya a tasi.

"Yaya, bitamin ɗin nan da Mama ta ɗibar miki. Nawa ya ƙare, ki ba ni."

"Ji min yarinya! Yau ranar farin cikina kika zo karɓar bashi?" Ta nuna gaban madubi da baki. "Ga shi can a robar man shafawa. Ɗauki, amma ki rage min. Yanzu ma na fi ki buƙata, an ce mai ciki ta riƙa shan bitamin. Akwai wasu a jakata. In sun ƙare ki karɓo min a inda kike karɓa."

"Kullum kike sha?"

"Ban taɓa tsallakewa ba. Yau ma da muka dawo biyu na sha, tunda mu biyu ne yanzu."

Na tashi na rufe ƙofa. Na murɗa makulli. Ƙarar injin ta ragu.

Ban iya zanen likita ba, kuma ban gwada ba. Na durƙusa a gabanta na faɗa mata a jere: ba bitamin ba ne, maganin fata ne mai ƙarfi, an hana mai ciki, ni na sauya masa kwalba, Mama ba ta sani ba. Na faɗa mata yana shiga har inda ake tsara jikin ɗa, yana iya rikita tsarin. Na faɗi abin da yake iya taɓawa. Na faɗi cewa da yawa ana haifarsu lafiya. Wannan na maimaita shi.

Ba ta katse ni ba. Murmushin bai bar fuskarta lokaci ɗaya ba, a hankali ya tafi. Ta ɗaga hannu ta taɓa kunnenta, ta shafa shi daga sama zuwa ƙasa, kamar yau ta fara sanin yana nan.

"Na yau ɗin," ta ce. "In na yi amai zai fita?"

"Ban sani ba, Yaya. Ina jin ya wuce."

"Shi ɗin yanzu yana da kunne?"

"Ban sani ba."

Ta gyaɗa kai. Wayarta ta fara ƙara, sunan surukarta a kai. Muka zuba mata ido har ta katse.

"Mama ta sani?"

"Yanzu ta sani."

"Me ta ce?"

Yaya ta san Mama fiye da ni, ita ta ba wa kanta amsa.

"Ta ce ki karɓo ki yi shiru sai bayan Asabar."

"Tsoro take ji."

"Ke fa? Da shawarar tata kika fara ai."

Ban musa ba. Na jira mari, ko zagi, ko kuka. Ta tashi ta buɗe wadirof, ta ɗauko baƙin mayafi ta yafa. Ta ɗauki robar daga gaban madubi, ta zazzage jakarta a kan gado ta tsince sauran ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, ta haɗa su. Ta ninke takardar gwajin ta sa a jaka. Sai a wajen zuge zif hannunta ya ƙi, na karɓa na zuge mata.

"Mijina ya koma wajen aiki, kafin ya iso likitar ta tashi," ta ce. "Ƙaninsa zai kai mu."

"Yaya, don Allah mu hau tasi."

"A'a."

"In ya ji, Hajiyarsu ta ji."

"Ɗansu ne, Auta. Ba zan je a duba min ɗan mutane a ɓoye ba, in dawo in zauna ina amsa barka." Ta tsaya da hannu a kan makulli, ba ta juyo ba. "Amma ke za ki gaya masa. Ni in na buɗe baki yanzu, ba zan kai mota ba."

Injiniya ya sauko daga tsani yana goge hannu da tsumma. Da Yaya ta ce ya kai mu wani wuri, bai tambaya ba, ya ce yau ko ƙasar waje ta ce zai kai ta. Ya riga mu sauka, ya kwashe kayan aiki daga kujerar baya, ya kakkaɓe ta da hularsa, ya buɗe mata ƙofa har da rusunawa. Ni na shiga gaba. Ya tayar da mota, ya rage sanyi saboda mai ciki, ya gyara madubi.

"To, manyan mata, ina muka nufa? In kwaɗayi ne ya fara, ku faɗa, aljihun baffa a shirye yake."

"Asibiti," na ce. "Wajen likitar fata."

"Fata?" Ya yi dariya. "Mai ciki me ya haɗa ta da likitar fata? Ai ke ce mai..."

Ya dubi madubi. Yaya ta juya fuska wajen taga, ta riƙe robar a cinya da hannu biyu. Ya dube ni. Ya sa hannu ya kashe motar, ya juyo gaba ɗaya yana fuskantata.

"Auta," ya ce. Bai taɓa kirana da wannan sunan ba. "Ina jin ki."